Goron da Inna Ta Aike Ni da Shi

Jikata ce ta tayar mini da wannan zance, ita ko a jikinta. Ran nan muna zaune ta miƙo mini waya wai in ga saƙon da ta tura wa mutane saboda shekara za ta ƙare: duk wanda na ɓata wa rai ya yafe mini, ni ma na yafe wa kowa. Na tambaye ta mutum nawa ta aika wa, ta ce duk wanda ke cikin wayar, har da mai gyara mata takalmi. Na ce to a cikinsu wa kika ɓata wa? Ta yi dariya ta ce, "Ai haka ake yi yanzu, Kaka." Na mayar mata da abarta ban tanka ba, domin in na buɗe baki cewa za a yi tsohuwa ta fara. Amma tun ranar abin ke cina. A zamaninmu neman gafara ba ya zuwa da sauƙi haka. Mutum ake tasa takanas, a ƙunsa masa goro a ganye, ya je ya durƙusa gaban wanda aka aike shi gunsa ya faɗa da baki, ya tsaya ya ji amsa, ya komo da ita. Sau ɗaya aka taɓa ɗora mini irin wannan aike, kuma har yau in na ga farin goro a faranti sai gabana ya faɗi.

A Borokiri aka haife ni, cikin Fatakwal, a ɗakin haya da ke kallon ruwa. Abin da na fara sani na duniya shi ne kukan jiragen ruwa da sassafe, da hayaƙin kifin da matan unguwa ke bandawa, da ruwan sama mai dukan kwano har ka daina jin wanda ke magana a gabanka. Baba lebura ne a tashar jiragen, ran Lahadi kuma shi ke ba da waƙa a 'yar majami'ar masu jin Hausa, wadda ba ta wuce ɗaki biyu da aka fasa bangon tsakaninsu ba. Inna tuwo take sayarwa. Lokacin da ta bi Baba ta karɓi Almasihu, danginta can ƙauyenmu na ƙasar Zazzau duk sun juya mata baya, ban da ƙanenta ɗaya wanda ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Shi ne Kawu. Bai bar sallarsa ba, bai kuma bar yayarsa ba, ya biyo ta har kudu yana dako a kasuwa. A ƙofar ɗakinmu yake shimfiɗa buzunsa, Inna na hana mu gittawa ta gabansa. In ya sallame ya ja kwano, sai ya fara tsokanarta wai miyarta ta yi yaji kamar tana fushi da tukunyar, ita kuma ta ce wanda bai kawo ko gishiri ba shi ya fi kowa baki. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana. "Ke" ce ni, ko "yarinyar nan". Kawu ne mai kwarara sunan da gangan don ya ga ta sunkuyar da kai.

Ina da kamar shekara goma ƙasa ta yamutse, aka ce 'yan Arewa su tattara su koma inda suka fito. Ban manta tashar jirgin ƙasa a ranar ba. Mutane kan mutane, ƙunshin kaya ko'ina, yara na kuka ana toshe musu baki, a bakin ƙofar tashar kuma wasu samari na tsaye suna kallonmu. Mun samu mun kutsa cikin tarago ke nan sai Baba ya tuna da wani tsoho makaho, maƙwabcinmu, da aka bari shi kaɗai a ɗaki. Ya ce yanzu zai dawo. Jirgi ya yi kuka na farko, ya yi na biyu, babu Baba. Inna ta saɓa ƙanena a baya, ta damƙi hannuna, ta ce mu sauka, ba inda za ta babu mijinta. Sai Kawu ya tare ƙofa ya ce, "Yaya, wallahi tallahi na gan shi da idona, ya shiga taragon gaba shi da makahon." Inna ta san ƙanenta ba ya wasa da rantsuwa, sai ta koma ta zauna. Da jirgi ya tsaya a Makurɗi, inda aka ce mun fita daga haɗari, ta sauka tana bin taragu ɗaya bayan ɗaya, ni ina biye, tana leƙawa tana tambaya, har muka kai inda babu sauran abin leƙawa sai injin. Ta juyo ta hangi Kawu tsaye can nesa, kansa a ƙasa. Daga ranar ba ta ƙara yi masa magana ba, shi kuma da ya yi zarya a ƙofarta can ƙauyenmu ya gaji, sai ya shiga duniya.

Da yaƙin basasa ya ƙare aka fara komowa, muna cikin na farko-farko. Mutanen ƙauye suka ce Inna ta zautu, ita kuwa ta ce mijinta za ta nema. Ɗakinmu na Borokiri mun tarar da wasu a ciki, na makahon ma haka. Wata mai kifi da ta gane mu ta ce ta ga Baba ranar, riƙe da sandar tsohon, sun nufi tasha. Iyakar abin da muka samu ke nan. Ba gawa, ba kabari, ba wanda zai ce ga inda ya faɗi. Muka kama ɗaki a Diyobu, Inna ta kafa murhu ta koma kan muciyarta. Ba a jima ba kuɗin mai ya ɓarke a gari. Ko'ina ka duba gini ake yi, manyan motocin yashi na wucewa suna girgiza mana rumfa, samari leburori kuma suna ta kwararowa daga Arewa, kowa da 'yar jakarsa da yunwarsa. Tukunya uku muke tuƙawa kafin azahar. Ni ce mai layin famfo, ni ce mai tankaɗe, ni ce mai jajjage, hannuna kullum cikin raɗaɗin attaruhu. Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙarar muciya a gindin tukunya, da rediyon mai shayin da ke kusa da mu, da samarin nan suna cewa, "Inna, a ƙara miya don Allah." Wurin rumfar yau gidan mai ne, okada da keke ke ta ɗiba a kai, in ka ce an taɓa tuƙa tuwo a nan sai a yi maka kallon mai mafarki.

Da gari ya cika, masu gidaje suka gane daɗin ba da notis. Sau uku aka tashe mu a shekara biyu. Duk sanda muke ɗaure kaya ina zage-zage, Inna sai ta ce, "Ke, rage baki. Mu dama 'yan haya ne a duniyar nan. Almasihu da ya tafi shirya mana wuri ba ya ba da notis, rufinsa kuma ba ya yoyo." Haka take maganar gidan nan na har abada, kamar ta taɓa zuwa ta ga ɗakunan. Takan ce Baba bai samu kabari a nan ba, amma ya samu ɗaki a can, kuma ta tabbata ya riga ya tara mutane yana koya musu waƙa. Sai dai akwai abu ɗaya da duk majami'a ta sani, ba mai faɗa. A wurinmu, kafin a ci jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da Almasihu, dattawa kan sanar tun mako guda cewa duk mai riƙe da wani a zuciya ya je su shirya tukuna. Ranar, in faranti ya iso kan Inna, sai ta harɗe hannu a ƙirji a wuce ta. Ba wanda ya hana ta, ita ta hana kanta. Shekara da shekaru haka, ni kuwa a lokacin har alfahari nake yi da ita, don ni mai riƙo ce tun ina yarinya, kuma ina ganin riƙon nan shi ne kaɗai abin da ya rage mana na Baba.

Ina gab da shekara ashirin ciwo ya kama ta. Ƙafafu suka kumbura, ciki ya biyo baya, a asibiti suka ce mu kai ta gida mu riƙa lallaɓawa. Wata safiya ta sa aka kirawo mai goro har ɗaki. Ta daɗe tana juya goron da yatsa kafin ta zaɓi ɗaya, fari tas, babba. Da hannunta ta ƙunsa shi a ganye, ta yayyafa ruwa, ta ɗaure.

"Ke," ta ce. "Direbobin albasa sun ce kawunki yana Anacha. Ki kai masa wannan. Ki ce yayarsa ta yafe masa, duniya da lahira. Ki ce shi ma ya yafe mini shekarun da na rufe masa ƙofa. In da hali ya zo."

Na ce, "Inna, shi ya kamata ya zo da gwiwa, ba ke za ki aika ba."

"Ban aike ki shari'a ba."

"Mutumin da ya raba mu da ubanmu?"

"Ƙarya ya yi mini, na kuma sha ɗacinta. Amma kin ga ni tafiya ta zo. Da wane ido zan shiga gidan wanda ya yafe mini, ga ƙanena ƙulle a bakin zanena?" Ta huta, ta ja numfashi. "Na gaya wa fasto ya jira. Ba zan taɓa gurasar nan ba sai kin dawo kin ce mini ya ji. Kuma hanyarsa daban, tawa daban. Ko zan gan shi a can, wannan sanin Allah ne. Shi ya sa nake so in gan shi a nan."

Na karɓi goron na cusa a lalita. Wata maƙwabciyarmu 'yar zumuntar matan majami'a ta ce za ta kula da ita, na kama hanya.

Ban taɓa ganin kasuwa irin ta Anacha ba. Ga kogi shimfiɗe kamar ba shi da ƙarshe, ga rumfuna sababbi kan tokar tsofaffi, 'yan dako na gudu da kaya a ka suna cewa a ba da hanya da Hausa da Inyamuranci da turancin kasuwa duk a numfashi ɗaya. Na yi ta tambaya har 'yan canji suka nuna mini limamin zango, wani dattijo siriri da ke zaune a inuwar masallaci. Na durƙusa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Fatakwal, ya tambayi ruwa. Da na faɗi wanda nake nema da dalili, ya ja carbi, sannan ya ce, "Kawun naki ya koma Inugu, harkar shanu ta karɓe shi, har Makka ya je. Ke ce 'yar wajen yayar tasa Kirista? Ya taɓa zama a nan inda kike ya tambaye ni hukuncin wanda ya rantse da Allah a kan ƙarya. Na faɗa masa abin da na sani, bai tashi da sauƙin zuciya ba. 'Yata, irin wannan saƙo kada ki bari ya daɗe a hannunki." A ɗakin matarsa na kwana, da safe ta yayyafa wa goron ruwa da kanta, ta raka ni tasha.

Da hantsi na isa kara a Inugu, wato kasuwar shanu. Ban ma tambaya ba, dariyarsa ce ta nuna mini shi. Yana zaune kan benci a rumfar dillalai cikin babbar riga mai aiki, ya yi ƙiba, haƙorin Makka na walƙiya, ga farar mota sabuwa a gefe wani yana goge masa. Tsire ne a gabansu, ana ta "Alhaji, Alhaji", shi kuma yana ba da labari yana tafa cinya. Na tsaya a tsallaken hanya bayan wata mai lemo. Abin da ya zo mini shi ne ƙafafun Inna da ba sa shiga takalmi, da tabon ƙunar tuwo a hannuwanta, da ranar da muka bi taragu har injin. Na ce a raina, wannan ne za a kawo wa gafara har inda yake zaune, yana cin nama? Mai lemon ta gaji da ni ta ce, "Sister, you wan buy abi you wan stand?" Wato saye na zo yi ko tsayuwa. Na sayi lemo ɗaya don ta ƙyale ni, ban sha ba. Ina tsaye rana ta take, aka kira azahar, na ga ya tashi ya yi alwala ya bi sahu. Da na so, taku ashirin ne tsakaninmu. Ba mantuwa na yi ba, ba kuma kunya ko tsoro ba ne. Ƙi na yi. Na juya na nufi tashar motar Fatakwal, goron na nan a lalita.

Duk tsawon hanya ina shirya yadda zan faɗa mata gaskiya. Amma da na ɗaga labule na ga yadda ta zabge a kwana uku, ido ya faɗa, ga shi ta kafe ni da su, sai bakina ya riga ni.

"Kin same shi?"

"Na same shi, Inna. A Inugu."

"Ya karɓa?"

"Ya karɓa."

"Me ya ce?"

Na ce ya yi kuka. Na ce ya ce shi ne mai laifi, ba abin da zai yafe mata. Na ce ya ce zai zo da zarar ya sallami shanun da ke hannunsa. Ina faɗa ina jin muryata kamar ta wata. Inna ta lumshe ido, hawaye ya gangaro ta gefen kunne, sai ta kama hannuna ta kira sunana. Tunda ta haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba sai ranar. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, kin sauke mini kaya." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Goron kuwa, da ta yi barci na tura shi ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin zannuwa.

Washegari fasto ya zo da dattawa biyu da matan zumunta, ɗaki ya cika. Aka yi karatu, aka yi waƙa a hankali saboda mara lafiya. Inna ta sa aka jingine ta, ta faɗa wa kowa cewa ta shirya da ƙanenta, yana nan tafe. Ta miƙa hannu biyu ta karɓi gurasa, ta sha daga ƙoƙon, fuskarta ta washe kamar ba ita ke kwance ba. Da faranti ya iso kaina na ce tukunya na kan wuta, na fice. Babu wata tukunya. Bayan ɗaki na tsaya ina jin su suna waƙa.

Kwana tara ta yi bayan dawowata, kuma su ne kwanakin da suka fi tsawo a rayuwata. Ta ce a juya mata gado ya kalli ƙofa, a ɗage labule. Duk sallamar da aka yi da muryar namiji sai ta ɗaga kai. In mai ruwa ne ko wani cikin leburorinmu ya zo gaishe ta, sai ta amsa da fara'a ta mayar da kai. Takan ce, "Harkar shanu ai ba ta da ranar gamawa," tana ba shi uzuri, ni kuwa ina tsugune ina matsa mata ƙafa, na san ba wanda ke zuwa. Kullum da safe in ce yau zan faɗa, ko in ba direba saƙo, kullum in ga in na faɗa na ɓata mata gurasar da ta ci. Inugu kuwa tafiyar wuni ɗaya ce. Ran na takwas ta ce, "In ya zo bayan na wuce, kada ki yi masa fuska. Ki tuƙa masa na dawa da miyar kuka. Ki rage yaji, ba ya so." Ran na tara da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta ce in matsar da kwanon da ke tare yoyo don ɗigon na damunta. Na matsar, na juyo, ta riga ta tafi. Fuskarta na kallon ƙofa.

Muka binne ta a maƙabartar gari, ramin rabinsa ruwa, sai da aka kwashe da bokiti. Fasto ya yi magana a kan tashin matattu da gidan da ba a tashin kowa daga cikinsa, mutane suna amsawa da amin. Na gaskata kowace kalma, amma ban ji sanyinta ba.

Bayan kamar mako uku, ina tsakar gida ina wanke tukwane, matan zumunta biyu na taya ni, sai aka yi sallama. Kawu ne. Ba mota, ba babbar riga, 'yar shara ce a jikinsa duk ta jiƙe. Direbobi ne suka kai masa labarin rasuwar. Ya tuɓe takalmi ya tsuguna nesa da tabarma kamar baƙo, ya yi mana gaisuwa, muka amsa. Sai ɗaya daga cikin matan ta ce, "Alhaji, ka makara. Tunda ka aiko cewa kana tafe take kallon ƙofa." Ya ɗago ya dube ta, ya dube ni. Ina iya yin shiru, na kuma lura shi ba zai tona ni ba, don ya buɗe baki ya sake rufewa. Na tashi na shiga ɗaki, na kwashe zannuwa, na ɗauko ƙunshin. Ganyen ya bushe ya kakkarye, goron ya yamushe ya yi ja. Na zo gabansa na durƙusa, a gaban matan nan, na ce, "Kawu, Inna ta aike ni da wannan. Ta ce ta yafe maka duniya da lahira. Ta ce ka yafe mata shekarun da ta rufe maka ƙofa. Ta ce in da hali ka zo. Na je har kara na gan ka, na ƙi ba ka. Na dawo na ce mata na ba ka."

Ya karɓi goron da hannu biyu yana kallonsa.

"Kwana nawa ta yi bayan kin dawo?"

"Tara."

Ya gyaɗa kai a hankali. Na ga leɓensa na motsi, na san lissafin hanya yake yi.

"Na gan ki ranar," ya ce. "Bayan mai lemo. Tsayuwar ubanki ce da ke, ba mai ɓoye ta. Na zaci zagi kika kawo, shi ya sa na yi ta surutu don kada in dubi wajen. Da na taso..." Bai ƙarasa ba. Can ya ce, "Shekarun nan ina gaya wa kaina ceton ku na yi a jirgin nan. Akwai wannan. Amma tsoro ne ya fi yawa. Na san in ta sauka dole in sauka."

Sai a lokacin na ga abin da na yi. Mutumin da na raina saboda ya yi wa Inna ƙarya don ta zauna lafiya ta yi tafiyarta, ga ni na yi mata irinta sak, kuma shi ko ba komai tsoron mutuwa ya sa shi, ni kuwa ba abin da ya sa ni sai baƙar zuciya. Na ce, "Kawu, ka yafe mini." Ya sa haƙori ya ɓara goron da ƙyar, ya miƙo mini ɓari ɗaya. Ya ce, "Wane ni da zan riƙe ki? Ci." Muka tauna, ɗaci kamar maɗaci, ba wanda ya tofar.

Na hura wuta na tuƙa na dawa, na kaɗa miyar kuka, na kawo masa. Ya wanke hannu, ya kai loma ɗaya, ya tsaya.

"Ina yajin?"

"Ita ta ce in rage. Ta ce ba ka so."

Bai yi kuka da ya ji rasuwarta ba, in ji direbobi, bai yi ba da na ba shi goro. A kan wannan lomar ya kifa kai a gwiwa, babban mutum da furfura a gemu, yana kiran "Yaya" kamar yaron da aka bari a kasuwa. Matan zumunta suka tashi suka ba mu wuri.

Kafin ya koma na kai shi kabarin. Ya daɗe a tsugune, ban tambaye shi me ya faɗa ba. A watan da ya biyo baya da faranti ya iso kaina na miƙa hannu na karɓa, bayan na tsaya gaban jama'a na faɗi abin da na yi, ban rage komai ba. Kawu ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa har ƙarshen ransa, shi ya tsaya mini a aurena ko da yake a ƙofar majami'a ya jira, kuma ina gefensa ranar da ya cika a Inugu.

Yanzu ga ni na fi Inna shekaru nesa ba kusa ba, ƙafafuna sun fara irin nata. Ba na tsoron tafiyar. Na san Mai Cetona ya yafe mini, Kawu ma ya yafe, da kunnena na ji. Mutum ɗaya ce ban ji daga bakinta ba, ita ce wadda ta kira sunana sau ɗaya tak, a kan aikin da ban yi ba. Jikata na ganin in na yi shiru ina kallon ƙofa gyangyaɗi nake yi. Ba ta san maimaita magana nake yi ba, don in na isa gidan nan da ba ya yoyo, kafin in nemi Baba, kafin in tambayi ɗakina, zan durƙusa a ƙofarta in ce, "Inna, na kai masa goron. Amma sai da kika tafi."